Albasar Gungun Maje

Sabon Gungun Maje, kusa da Wara
10 ga Nuwamba, 1968

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Cindo, akawu a wurin aikin dam na Kainji,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Halimatu da yara. Mu ma lafiya muke, sai gwiwa da ba ta barina in miƙe da sauri.

Ni ce Hansatu ta Gungun Maje. Kakata Tamada ƙanwar kakanka ce, saboda haka wasan taubasai bai mutu tsakaninmu ba, ko da rabona da ganinka shekara goma sha ɗaya. Kada ka nemi wanda ya rubuta mini. Da hannuna na rubuta. Shekara uku na yi ina zama a ajin Yaƙi da Jahilci na Malam Bitrus. In ka ga layin ya karkace, ka tuna yatsa biyar gare ni, ba shida irin naka ba.

Magana biyu ce ta sa na rubuto. Ta farko ɗana Tanimu, da yake lebura a wurinku shekara biyu ke nan. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da baki ba, amma ga shi na rubuta. Na aika masa da Gidaɗo mai jirgin inji cewa ya zo ya taya ni shuka. Amsar da ta dawo ita ce wai ba shi da lokaci. Na kwana uku ina juya maganar nan. Rana ba ta fitowa a can yadda take fitowa a nan? Wa ya karɓe masa lokacin? Ka duba mini yadda yake wuni, da abin da yake yi da albashinsa. An ce akwai silima a can, akwai gidajen giya. Kada ka ɓoye mini.

Ta biyu albasa ce. Ka san an tashe mu daga tsibiri da damina, an zuba mu a gidajen siminti a kan tudu. Yanzu tsibirin yana ƙarƙashin ruwa, kan rimi kawai ake hange. Na fito da albasar iri guda tamanin, irin gidanmu, ja mai ƙaramin wuya, wadda take kai wa bayan damina ba ta ruɓe ba. Baban Tanimu, Allah ya jiƙansa, daga hannun ubansa ya karɓe ta. Ta maƙwabta duk ta ruɓe a zafin ɗakin siminti, wasu kuma sun sayar. Ni na rataye tawa a rumfar zana. Ka san irin albasa ba ya shekara biyu. Kowace shekara sai an binne uwar, ta yi kara, ta yi fure, a karɓi sabon iri. In ta faɗi bana, ta ƙare ke nan, ba a wurina kaɗai ba.

Na binne su a fangali huɗu, taku goma sha biyu daga bakin ruwa. Kwara, kogin namu, na san halinta tun ina yarinya. Wannan tafkin ban san shi ba. Ku da kuka tare ruwan, ka tambayar mini: yaushe zai sauka, kuma yaya zai sauka?

Ka gaida Halimatu. Na bar ku lafiya.

'Yar'uwarka,
Hansatu

Kainji
28 ga Nuwamba, 1968

Zuwa ga Yaya Hansatu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi miki barka da shan ruwa. Mun samu takardarki lafiya, Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa. Tun ban buɗe ambulan ba na san daga inda ya fito, don abokin zamana a ofis ya ɗaga kai ya ce wa ya shigo da miya. Rubutunki kuwa ya fi na helumanmu mai kula da lebura kyau, sai dai kina danne fensir kamar mai huɗa.

Na nemi Tanimu, na same shi. Lafiyarsa lau, ya ƙara tsawo, ya rame kaɗan. Na karanta masa wurin da kika ce wa ya karɓe masa lokaci. Ya yi dariya.

Bari in gaya miki yadda ake wuni a nan. Jiniya tana kuka da ƙarfe shida da rabi. Kowane lebura yana da kati, ni nake sa masa alama in ya shigo, in sa in ya fita. Wanda ya makara minti goma sha biyar, an rage masa albashi. Wanda ya yi kwana uku bai zo ba, an soke sunansa. A gida rana taku ce, ku yanka ta yadda kuka ga dama. A nan an saye ta tun farkon wata, daga Litinin zuwa Asabar. Lahadi kaɗai ce tasa, a cikinta zai yi wanki, ya yi aski, ya yi cefane. Shi ya sa kowa a nan bakinsa ba ya rabo da "ba ni da lokaci". Daga Turawa muka ɗauka, har ta bi bakinmu. Ba rashin kunya ya yi miki ba.

Batun albashi, ki kwantar da hankalinki. Ba ya shan komai. Silima sau biyu ya shiga, ya ce ta biyun barci ya yi. Abinci ke cin rabi, don a nan har ruwan zafi saye ake. Ya sayi agogon hannu saboda jiniya. Sauran yana biyan wani malamin makaranta da ke koya musu Turanci ranar Lahadi da la'asar. Dalili, aikin gini ya zo ƙarshe. Dubbai za a sallama, kaɗan za a riƙe su kula da injuna, kuma waɗanda za a riƙe su ne masu jin abin da Bature ya faɗa ba tare da tafinta ba. Na ji shi yana yi. Yana cewa an kashe lokaci, an ɓata lokaci, an adana lokaci, kamar mai maganar hatsi a rumbu.

Batun ruwa, na tambayi wani safiyo mai awon ƙasa da muke salla tare. Ya ce tafkin zai zauna a cike har wajen Fabrairu. Daga nan zai riƙa sauka, ƙafa talatin kafin ruwan damina ya sake cika shi. Haka za a riƙa yi kowace shekara.

Halimatu ta ce in irin ya yi, ki tuna da ita, tana da fili bayan ɗaki.

Naki,
Cindo

Sabon Gungun Maje
6 ga Janairu, 1969

Zuwa ga Malam Cindo,

Gaisuwa da fatan an yi salla lafiya, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Takardarka ta zo ana saura kwana biyu salla, na karanta ta sau huɗu, na ci abinci ranar kamar ba ni ba. Allah ya saka maka. Ka ce wa Tanimu ya riƙe karatunsa, amma ya riƙa cin abinci. Ramar nan da ka ce kaɗan ce, kaɗan ɗin yaya?

Ƙafa talatin ɗin nan ban gane ta ba, sai na kai wa Malam Bitrus. Ya auna mini da igiya a ƙasa, ya ce tsayin mutum biyar ne. Na gaya wa tsofaffi a gindin rumfa, suka yi dariya. Ai Kwara ma tana sauka kusan haka a tsibiri. Gaɓa a tsaye take, mu sare matakala a jikinta, mu bi ruwan ƙasa, wannan ya ɗebo da ƙwarya ya miƙa wa wancan. Kuma irin nan zai nuna a Afrilu, tun ruwan bai kai rabin saukarsa ba. Hankalina ya kwanta.

Albasar ta yi kyau ƙwarai. Lawashi ya kai gwiwa, kore shar. Guda biyu kaɗai suka ƙi fita.

Ka ba ni labarin yadda ake wuni a wurinku, bari in ba ka namu. Tun da aka raba kuɗin diyya garin ya canza. Rediyo shida ne a layinmu, kowace da abin da take faɗa. Wani ya sayi keke, alhali daga nan zuwa hanya yashi ne, shi yake ɗaukar keken. Mijin Altine maƙwabciyata ya sayo gadon ƙarfe daga Yelwa, ƙofar ɗakin ta ƙi shi, yana nan a tsakar gida kaji suna hawa. Amma yawanci raga aka saya da jirgi. Kifi ya yi yawa a tafkin nan yadda ba a taɓa gani ba. Samari duk sun koma kamun kifi, tun asuba sai yamma. Mata suna bandar kifi. 'Yan kasuwa suna zuwa har daga Kudu, suna biya a tsaye. Babu mai zancen lambu.

Shekaranjiya Altine ta same ni a duƙe, ta ce, "Hansatu, duniya ta koma ruwa, ke kina nan kina lallashin ganye."

Na ce, "Ranar da za ki dafa kifin naki, da mi za ki dafa shi?"

Ta ce, "Da kuɗi."

Na ce, "To ki yanka su ƙanana, sun fi saurin nuna."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga baya ta karɓi ƙwaryar ta ba fangali ɗaya ruwa. Ita kaɗai ce take leƙo ni.

Ka ce wa Halimatu ta gyara filinta.

Hansatu

Kainji
24 ga Janairu, 1969

Yaya Hansatu,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. Takardarki ta zo jiya, kuma tun jiya hankalina bai kwanta ba.

Kin ce a tsibiri gaɓa a tsaye take. Inda kike yanzu fa? Na koma wurin safiyon nan da sunan garinku. Ya buɗe taswira ya duba, ya ce wajen naku shimfiɗe yake kamar faifai, tsohuwar gona ce ruwa ya hau. A irin wurin nan ruwa ba ƙasa yake yi ba, baya yake ja. Ya ce in ya sauka kamu ɗaya, yana iya barin ki da tafiyar taku hamsin. Ba za ki sami gaɓar da za ki sare matakala ba.

Laifina ne, na ba ki tsayi ban tambayi shimfiɗar wurin ba. In ba su fara kara ba, ki cire ko da rabi da ƙasarsu, ki sa a kwanduna ko fasassun tukwane, yadda za ki riƙa bin ruwan da su. Ki yi da wuri. Zan ba Gidaɗo takardar nan hannu da hannu gobe.

Cindo

Sabon Gungun Maje
2 ga Maris, 1969

Zuwa ga Malam Cindo,

Gaisuwa da barka da babbar salla. Ina fata lafiya ce ta sa na ji ku shiru wata biyu. Ko kun yi fushi ne? Gidaɗo ya daina biyowa ta nan, an ce ya bar ɗaukar mutane ya koma jigilar kifi. Wannan takardar wani mai zuwa Yelwa zan ba ya jefa a gidan waya.

Cindo, ruwa ya gudu.

Ban san yadda zan faɗa maka ba sai haka. Mako uku da suka wuce na tashi na ga bakin ruwa ya matsa. Na kafa kara a wurin. Kwana biyu na dawo, karan yana tsaye a busasshiyar ƙasa. Na auna da sanda, ko ƙuguna saukar ba ta kai ba. Amma daga fangali zuwa ruwa, da taku goma sha biyu ne, yau da safe ɗari da arba'in na ƙirga. Kuma ba tafiya ce mai daɗi ba. Inda ruwan ya bari taɓo ne, ƙafa tana nutsewa har ƙwauri, ga kututturan itatuwan da ruwa ya kashe. Na faɗi sau biyu da garwa a kai.

Albasar ta yi kara, ta fara fure, fari tas, zuma har ta gano su. Yanzu ne suke shan ruwa fiye da kullum. Fangali huɗu suna son garwa ashirin da safe, ashirin da yamma. Ina iya takwas. Ranar da gwiwa ta yarda, goma.

Na haƙa rami kusa da su ko zan tarar da ruwa, kamu uku na ci karo da marmara. Tsofaffin da suka yi dariya sun zo sun tsaya sun duba. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin ruwa mai tafiya da baya ba. Suka koma rumfa.

Ban da zancen shukar nan, ban taɓa roƙon yaron nan komai ba tun da ya tafi. Wata ɗaya nake so. Kwana talatin, iri ya yi baƙi in yanke, ya koma. Kai ne mai sa alama a katin. Ka yi wa manyanku bayani. Ka ce musu ba albasar miya ba ce, ta iri ce, babu wata a bayanta. In akwai mai uwa a cikinsu zai gane.

Ka amsa mini da wuri don Allah.

Hansatu

Kainji
12 ga Maris, 1969

Zuwa ga Yaya Hansatu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai damuwar abin da kika rubuto. Ba fushi muka yi ba. Na rubuta miki tun Janairu. Da na ga taki jiya na je bakin ruwa na nemo Gidaɗo. Takardar tana aljihun tsohuwar rigarsa, ya ce kullum yana cewa gobe zai biya. Ban san abin da na faɗa masa ba, mutane ne suka shiga tsakani. Ga ta nan na haɗa da wannan, ko da ba ta da sauran amfani.

Na kai maganar wurin babban akawu. Ya saurare ni har ƙarshe, mutumin kirki ne. Ya ce hutun mutuwa kwana uku ne, na ciwo sai da takardar likita, na albasa babu shi a littafi. Ba da izgili ya faɗa ba. Na ce to in na riƙa sa masa alama ba ya nan fa? Ya ce in yi kamar ban faɗa ba, shi ma zai yi kamar bai ji ba, don heluma yana ƙirga kawuna.

Dole in gaya miki sauran. A watan nan an sallami mutum ɗari huɗu. Sunan Tanimu yana cikin 'yan kaɗan da ake dubawa don a riƙe, saboda katinsa ba tabo, kuma ya fara jin Turanci. Ƙarshen Afrilu za a yanke. In ya tafi wata guda, ya fita. Waɗanda aka sallama kuwa, Yaya, ba gida suke komawa ba. Ba gona, ba tsibiri. Motar soja tana tsayawa bakin kasuwa duk Laraba, da ƙafarsu suke hawa, a wuce da su wajen yaƙin basasa. Cikin abokan ɗakinsa uku, biyu sun hau.

Na karanta masa takardarki. Ya tashi ya fara naɗe tabarma, ya ce, "Kawu, gobe zan tafi." Na ce ya zauna sai mun ji daga bakinki, bayan kin san abin da na sani. Ya ce, "Inna tana faɗuwa a taɓo, ni ina nan ina koyon gaida Bature."

Ga fam uku ya bayar, na agogonsa ne da ya sayar wa wani direba, na ƙara ɗaya. Ki ɗauki mutum biyu su yi miki jigila, ko ki sayi jaki. Amma in kin ce ya zo, ba zan tare shi ba.

Cindo

Sabon Gungun Maje
22 ga Maris, 1969

Malam Cindo,

Gaisuwa. Takardunka biyu sun zo tare. Na fara karanta ta Janairu. A Janairu ba su yi kara ba, kwanduna kuma ina da su har shida a rataye. Na ninke ta na ajiye. Ba laifinka ba ne. Ni ma da idona na ga wurin a shimfiɗe yake, na taka shi kullum, amma kaina yana tsibiri.

Kada ya zo. Ka ji ni da kyau, ka karanta masa wannan layin sau biyu. Kada ya zo. In ya taka jirgi ban yafe ba. Ka ce masa gwiwar ta yi sauƙi.

Kuɗin na zaga da su gida gida. Wanda na fara samu ɗan ƙanen mijina ne, yana gyaran raga. Na ce zan biya shi ya yi mini ruwa safe da yamma. Ya ce, "Inna, ba ƙi na yi ba. Abin da za ki ba ni a mako, shi nake samu kafin hantsi. Kuma jirgin ba nawa ne ni kaɗai ba, in ban fita ba mutum uku sun zauna." Ya ba ni kifi biyu manya. Duk inda na je haka, kowa da ladabi, kowa da kifi. Da a tsibiri ne, in na yi kunu na kira gayya, mutum goma za su zo ba a yi zancen ko kwabo ba. Yanzu ga kuɗi a bakin zane, ba wanda yake da wunin da zai sayar mini. Har na ji wata yarinya a layinmu tana ce wa uwarta ba ta da lokaci. Ashe maganar ta iso nan ma.

Jaki na aro na gwada kafin in saya. Taku ashirin ya shiga taɓon ya nutse har ciki, da ƙyar muka fito da shi, mai shi yana ta faɗa.

Yau taku ɗari biyu da sittin. Na bar fangali biyu, ina ba biyu. Na daɗe a tsaye kafin in zaɓi waɗanda zan bari. Altine tana kawo garwa biyu in ta sauke banda, tana zagina tana zubawa.

Ga kuɗin na mayar ta hannun Malam Bitrus, zai zo wajenku taron coci. Ka cire naka. Sauran ka nemo direban nan ka karɓo agogon, kada yaron ya makara.

Hansatu

Sabon Gungun Maje
21 ga Afrilu, 1969

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Cindo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Halimatu da yara kuna lafiya. Ni ma da sauƙi. Ina fata Tanimu ya iso lafiya, kuma ya shiga aiki ranar Talata a kan kari.

Ranar da na gan shi ya sauko daga jirgi na ɗauka sallamarsa aka yi. Sai ya ce hutun Ista ne, kwana huɗu aka ba kowa, kai ka sa shi a jirgi. Biyu sun tafi a hanya. Na gode maka da biyun da suka rage.

Bai zauna ba. Ruwa kawai ya sha, ya tuɓe riga, ya sami sanda ya rataya garwa biyu. Taku ɗari huɗu ne a lokacin. Asabar tun azahar har rana ta faɗi, Lahadi tun asuba. Na daina ƙirga garwa da ta wuce sittin. Kafaɗunsa duka biyu sun saɓule, na shafa masa man kaɗe yana cije baki. Har fangali biyun da na bari tun Maris ya ba ruwa. Na ce waɗannan sun mutu. Ya ce, "Inna, bari dai su sha."

Cindo, tun kafin ya zo na sani. Furen ya kaɗe tun bai ɗaura iri ba. In ka matsa kan da yatsa, sai ka ji shi fayau kamar audugar rimi. Cikin tamanin, goma sha uku ne suke tsaye, su ma karan ya yi laushi. Na ga yadda yake gudu da garwa a taɓon nan, na kasa gaya masa. Da zai tafi ya tsaya a bakin fangali ya ce, "Inna, sun farfaɗo ko? Na ga kamar sun ɗago." Na ce ya yi sauri jirgi zai tashi.

Na bar su kwana goma, ina ba su abin da na iya. Ranar Alhamis na yanke kawunan goma sha uku, na shanya a tabarma. Jiya na murje, na sheƙe a faifai. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, kuma ba baƙi ba ne, ruwan toka ne. Ka san yadda muke gwadawa. A zuba a ƙwaryar ruwa, mai rai ya nutse, fanko ya taso. Na kira Altine ta tsaya kusa da ni, don ba na so in gani ni kaɗai.

Na zuba. Duka suka tsaya a sama.

Altine ta sa yatsa ta juya, ta ce, "Ba su jiƙa ba ne, ba su lokaci." Muka zauna. Ta bar kifinta a wuta har ya ƙone. Da aka kira azahar na kwashe na saman a hankali, na tsiyaye ruwan, na shafa gindin ƙwaryar da hannu. Yashi ne kaɗan. Altine ta ce a Yelwa ana sayar da irin albasa na ƙasar Kano, ita za ta saya mini. Na ce to.

Ka ba Halimatu haƙuri.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin takardar nan. Yaron nan ya ce in rubuto masa da kaina in gaya masa mudu nawa aka samu. Na ɗauki fensir sau uku. Zuwa gare ka hannuna yana tafiya, zuwa gare shi ya ƙi. Kai za ka gaya masa. Kada ka yi masa ƙarya, zai gane. Amma ka bari sai an yanke maganar aikin nan tukuna, kada ya shiga gaban Bature da jan ido. Ka ce masa ruwan da ya ɗebo ba shi ne ya gaza ba. Kada ka faɗa masa a ofis cikin mutane. Ka kira shi gida ranar Lahadi, Halimatu ta yi tuwo, ka bari sai ya ci ya wanke hannu.

'Yar'uwarka,
Hansatu